Sojan da ya ajiye bindiga ya kafa gida a zango

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wasu mutane da muka gaji gidajensu da harshensu amma muke jin nauyin ambaton sana'arsu. Ina nufin tsofaffin sojojin da suka yi wa Turawan Ingila aiki a ƙasar nan ta Gana tun ana kiranta Gold Coast, waɗanda da aka sallame su ba su koma ko'ina ba, suka zauna a zangunan Kumasi da Accra har ƙasa ta rufe musu ido.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani taron naɗin sarauta da na halarta kwanan baya a unguwarmu, inda aka ba wani dattijo dama ya ba da tarihin zango. Ya yi magana mai daɗi. Ya kawo fatake da jakunansu, da hanyar Gwanja, da kasuwar Salaga da huhunan goro, ya kawo malamai da almajiransu, kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Sai dai har ya zauna bai ambaci soja ko sau ɗaya ba, alhali na san labarin kakansa kamar yadda ya san na nawa, kuma dukansu biyu da jar dara a ka da bindiga a kafaɗa suka shigo Kumasi. Ban ga laifinsa ba, domin ni ma na kai shekara arba'in ina ba da labarin gidanmu ina tsallake wannan wurin.

Asalin al'amarin daga Legas yake. A shekara ta 1863 wani hafsan sojan ruwa na Ingila mai suna John Glover ya fara tara mutanen arewa yana koya musu fareti da harbi, kuma akasarinsu bayi ne da suka gudu daga hannun iyayengijinsu. Turawa suka sa wa wannan ƙaramar runduna suna Hausawan Glover, kuma daga ita ce sojan Najeriya na yau yake lissafin mafarinsa. Da rigima ta tashi tsakanin Ingila da Asante a 1873, Glover ya zo Accra, wadda mu muke kira Ankara, ya ci gaba da ɗaukar mutane a can da gefen kogin Volta. Janar Wolseley ne ya jagoranci babbar rundunar da ta taso daga Cape Coast ta shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu 1874 a zamanin Asantehene Kofi Karikari, wato sarkin Asante, ta cinna wa garin wuta ta juya. Glover da mutanensa sun biyo ta gabas, ta ƙasar Akyem, suka iso bayan kwana takwas suka tarar da toka. Wannan shi ne yaƙin da mutanen ƙasa suke kira Sagrenti.

Bayan yaƙin Turawa suka ga ba za su iya riƙe ƙasar da sojan da suke kawowa daga Ingila ba, saboda zazzaɓi yana kashe su fiye da harsashi. Don haka a 1879 suka kafa rundunar tsaro ta dindindin, wadda kowa ya sani da rundunar Hausawa, ita ce kuma a 1901 ta koma rundunar sojan Gold Coast. Harshen umarni a cikinta Hausa ne, har hafsoshi Turawa sukan zauna jarrabawar Hausa, kuma taken rundunar ma da Hausa aka rubuta shi: Kullum Shiri. Ina so matasanmu da suke jin kunyar yin Hausa a ofis su san cewa shekaru da dama da wannan harshe ake tayar da bataliya a ƙasar nan.

A nan ne maganar take da ƙaya, kuma a nan nake so in daɗe. Kalmar Hausa a takardun Turawa na wancan lokaci ba ta nufin ɗan Kano ko ɗan Katsina kaɗai. Duk wanda ya fito daga arewa, yana jin Hausa ko yana iya koyonta, yana salla ko yana tsayawa a bayan masu salla, Bahaushe ne a wurin mai ɗaukar soja. Akwai Hausawan asali a ciki, akwai Barebari da Fulani da Zabarmawa da Yarabawa, amma yayin da shekaru suka ja, sai mutanen arewacin ƙasar nan da na ƙasar Mosi suka rinjaya. Magatakarda yakan rubuta sunan mutum, sa'an nan ya liƙa masa sunan ƙabilarsa ko garinsa a matsayin sunan uba, shi ya sa rajistar soja ta cika da Grunshi da Moshi da Dagomba da Kanjarga da Wangara. Sojan da tarihi ya shaida cewa shi ne ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ƙasar Togo cikin watan Agusta 1914, sunansa Alhaji Grunshi, kuma sunan kaɗai ya isa ya nuna yadda abin yake.

Kakana yana cikin irin waɗannan. Na tashi ina jin ana kiran gidanmu gidan Hausawa, kuma shi kansa ban taɓa jin ya yi wani harshe ban da Hausa da ɗan Twi na kasuwa ba, amma tsagen da ke fuskarsa ba na ƙasar Hausa ba ne. Sai bayan rasuwarsa, ina saurayi, gwaggona ta gaya mini cewa an kama shi yana yaro a lokacin hare-haren Zabarmawa na su Babatu a ƙasar Grunshi, aka sayar da shi, ya bi hannu ya bi hannu har Salaga, sa'an nan bayan yaƙin basasar da ya watsa garin a 1892 ya samu kansa a kudu. Ya manta sunan ƙauyensu. Abin da ya rage masa na gida shi ne wata bishiyar kuka da sunan da uwarsa take kiransa da shi, wanda bai taɓa gaya wa kowa ba sai matarsa ta fari. A bariki ya samu abinci da albashi da kariya daga wanda zai ce nasa ne, a bariki ya koyi Hausa, a hannun limamin bariki ya koyi Fatiha. Idan wani ya ce wannan ba Bahaushe ba ne, ni ba zan yi musu da shi ba, sai dai in tambaye shi da wane harshe jikokinsa suke mafarki.

Ina ganin wannan shi ne bambancin soja da bafatake a tarihin zango, kuma shi ne dalilin da ya sa nake cewa an rage wa soja haƙƙinsa. Zango a asalin ma'anarsa wurin sauka ne, inda ayari yake kwana ya huta ya wuce. Madugu yana da gida a Kano ko a Sakkwato, yana da gona da dangi da kabarin iyaye, in ciniki ya yi kyau ya zauna, in ya lalace ya ɗaure kaya. Sojan da aka kama yana yaro ba shi da inda zai ɗaure kaya ya nufa. Ranar da aka miƙa masa takardar sallama da ɗan kuɗin da ya tara, duniyarsa duka ita ce bariki da unguwar da ke bayan bariki, inda matarsa take sayar da koko da ƙosai. Saboda haka ya nemi fili ya yi ɗaki, ya ƙara wani, ya saukar da baƙi, ya nemi aikin gadi ko ɗan sanda ko masinja ko dogarin sarki, domin Bature ya fi yarda da mai takardar soja. Ban ce su kaɗai suka zaunar da zango ba. Musulmi sun kasance a Kumasi tun kafin Turawa, wani Baturen Ingila mai suna Bowdich ya same su a fadar Asantehene a 1817, kuma a Accra malamai da 'yan kasuwa irin su Malam Bako na Sabon Zango da Malam Amadu Futa na Nima su ne suka nemi ƙasa daga hannun masu ita suka kafa unguwanni. Amma a cikin waɗanda suka cika unguwannin nan suka haifi 'ya'yan da ba su san wani gari ba, tsofaffin sojoji suna da kaso mai yawa.

Kumasi kuwa, zangonta na yanzu ba ya rabuwa da abin da ya faru tsakanin 1896 da 1900. A watan Janairu 1896 Sir Francis Scott, wanda shi ne shugaban rundunar Hausawa, ya shiga garin ba tare da an yi harbi ba, aka kama Asantehene Prempeh na Ɗaya aka tafi da shi Elmina, daga nan Saliyo, daga bisani tsibirin Seychelles, bai dawo ba sai 1924. Turawa suka gina ganuwar sansanin soja da take tsaye har yau a tsakiyar gari, suka zuba sojan Hausa a ciki. A watan Maris 1900 Gwamna Hodgson ya zo ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya, wato karagar mulkin Asante, maganar da ta tayar da yaƙin da Yaa Asantewaa ta Ejisu ta jagoranta. Aka tsare gwamna da mutanensa a cikin ganuwa wata da watanni, yunwa da cuta suna kashe sojoji da fararen hular da suka fake a gindin bango, har ya fasa ya fita ranar 23 ga Yuni ya bar 'yan kaɗan suna tsaro, su kuma Kanar Willcocks ya cece su ranar 15 ga Yuli. Kakana yana cikin waɗanda suka biyo Willcocks. Bayan haka Ingila ta haɗiye Asante a farkon 1902, jirgin ƙasa ya iso a 1903, goro da koko suka jawo mutane, unguwar baƙi ta yi ta faɗi, har annobar 1924 ta sa aka rushe wani ɓangare na tsohon zango aka gina sabo.

Yanzu kuma ga abin da yake sa mu yin shiru, kuma ba zan ɓoye shi ba. Waɗannan mutane kayan aikin mamaya ne. Da hannunsu aka ƙone ƙauyuka, da hannunsu aka kwashe sarakuna, kuma mutanen ƙasa sun daɗe suna tunawa da sojan Hausa a matsayin mai ƙwace kaza da akuya da mai dukan 'yan dako. Mu da muke zaune a ƙasar Asante, muke cin arzikinta, muke zuwa Manhyia, fadar Asantehene, gaisuwa, ba abu ne mai sauƙi ba mu tsaya a bainar jama'a mu ce kakanmu yana cikin waɗanda suka yaƙi Yaa Asantewaa. A cikin gida ma ba su tsira ba, domin malamai suna kallon soja a matsayin bawan Nasara, kalmar ɗan bariki kuwa har yau ba yabo ba ce. Ga kuma tabon bauta, wanda a zango ake rufe shi fiye da kowane asiri, saboda ranar neman aure ake tono shi. Uku ɗin nan da suka haɗu, sai jikoki suka ga ya fi sauƙi su ce kakansu fatauci ya kawo shi.

Na fahimci wannan, amma ban yarda da shi ba. Yaron da aka sayar da shi a kasuwa kamar tunkiya, ya ga ƙofa ɗaya tak a buɗe ya shiga, ba ni da bakin da zan yi masa hukunci ina zaune a ɗakin da ya gina. Kuma masu masaukinmu ba jahilan tarihinsu ba ne, sun san wanda ya tsaya a kan ganuwa a 1900 tun kafin mu faɗa. Shirun da muke yi ba su yake ruɗa ba, 'ya'yanmu yake ruɗa.

Aikin sojan nan bai tsaya a Asante ba. A 1914 sun shiga Togo suka nufi tashar wayar iska ta Jamus da ke Kamina, Jamusawa suka miƙa wuya ranar 26 ga Agusta. Daga nan aka kai su Kamaru, sa'an nan a 1916 aka ɗora su a jirgin ruwa zuwa Gabashin Afirka, inda suka yi ta bin sojan Jamus cikin daji har 1918. 'Ya'yansu kuma suka gaje su a yaƙin Hitila, wanda mutanen Gold Coast kimanin 65,000 suka shiga. Sun yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha a 1940 da 1941, sa'an nan aka kai su Bama suka fuskanci Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka ci Myohaung a watan Janairu 1945. Mahaifina yana cikin 'yan Bama. Duk wanda yake mamakin sunayen barikokinmu, ga asalinsu: Uaddara a nan Kumasi, Kamina a Tamale, Myohaung a Takoradi, Burma Camp da filin El Wak a Accra, dukansu sunayen wuraren da mutanenmu suka je yaƙi ne. Muna shiga mota muna kiran sunayen nan kullum, ba mu san muna kiran inda kakanninmu suka kwana cikin rami ba.

Ƙasa takan tuna da 'yan mazan jiya duk ranar 28 ga Fabrairu, ranar da a 1948 suka yi jerin gwano zuwa fadar gwamna a Osu domin neman haƙƙinsu, wani hafsan 'yan sanda Bature mai suna Imray ya harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey, tarzomar da ta biyo baya kuma ta gaggauta samun 'yancin kai. Wannan tunawa ta dace. Sai dai ta fara ne daga ƙarshen labari, ta bar shekara saba'in da biyar na farkonsa, kuma a cikin waɗannan shekaru ne mutanen zango suka fi yawa a sahu.

Akwai kuma wani amfani na zahiri da ya wuce tunawa, wanda na gani da idona. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin kwana 14. Ina da shekara 15 a lokacin, kuma ban manta da manyan motocin da suka yi layi a Aboabo ba, da mata suna sayar da tukwane da gadaje a kan kuɗin da bai kai na hayar ɗaukarsu ba. An kwashi mutanen da aka haifa a nan, aka haifi iyayensu a nan, aka kai su ƙasashen da ba su taɓa gani ba, saboda ba su da abin da za su nuna. Mahaifina ya buɗe akwatin ƙarfen kakana ya fito da takardar sallamarsa da tasa, ya sa su a aljihun gaba ya riƙa yawo da su har ƙura ta lafa. Ba a taɓa mu ba. Maƙwabcinmu na jikin bango, wanda ubansa ya yi soja tare da kakana amma gara ta cinye takardunsa, ya tafi da iyalinsa, kuma ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Har yau ɗan zango yakan je neman katin ɗan ƙasa ko fasfo a dube shi a dubi sunansa a ce ya kawo shaidar kakanni. Ga gidaje da yawa, tsohuwar takardar soja ita ce rubutacciyar shaida mafi daɗewa da ke nuna cewa sun kasance a ƙasar nan tun kafin a haifi mai tambayar.

Don haka roƙona ga sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasa shi ne su sa a bi gida gida a tambayi tsofaffi, musamman mata, domin su ne suke riƙe da irin wannan labari, a rubuta sunan duk wanda ya yi soja, da lambarsa in an sani, da inda ya yi yaƙi, da inda aka binne shi. Takardun sallama da lambobin yabo da hotuna a ɗauke su da waya a adana, a mayar wa masu su kayansu. Wanda ya ga wata lamba mai siffar tauraro a ƙasan akwati, ko mai ɗauke da kalmar Kumassi a jikin ƙarfenta, kada ya ba yara su yi wasa da ita, ta yaƙin 1896 ce ko ta 1900. Ɗalibanmu na jami'a da suke neman abin bincike su je ofishin adana takardun tarihi na ƙasa, wanda yake da rassa a Accra da Kumasi da Tamale, su kuma shiga gidan tarihin soja da ke cikin ganuwar Kumasi, wanda na tabbata yawancin mutanen Asawase da Aboabo ba su taɓa taka shi ba ko da yake tafiyar ƙafa ce. Asusun raya zanguna da aka kafa da doka a 2017 yana iya ɗaukar nauyin irin wannan aiki, domin kuɗinsa ba zai kai na kwalbati ɗaya ba. Ita ma wannan jarida tana iya ware ɗan fili ga duk mai son aiko da labarin kakansa, ko da ba zai sa sunansa ba.

Lokaci ne yake ba ni tsoro. 'Yan Bama sun kusa ƙarewa, waɗanda suka ga sojan 1900 da idonsu kuma mu ne, kuma mun haura saba'in. Gwaggona da ta ba ni labarin nan ta rasu, kuma akwai tambayoyi da yawa da ban yi mata ba saboda a lokacin ina jin kunyar amsar. Akwatin yana wurina yanzu. Takardar kakana ta rabu huɗu a kan lanƙwasa, tawadar ta koɗe, amma ana iya karanta lambarsa, da shekarun da ya yi, da wurin da Bature ya rubuta cewa halinsa mai kyau ne. A gurbin da aka tanada domin sunan garinsu, magatakarda bai rubuta kome ba.

Wassalam.

Naka mai karatu,
wani tsohon malamin makaranta,
Aboabo, Kumasi.